Mudu Nawa, Ruwa Nawa? Ga Sauran Lissafin

Karatu: Ishaya 5:8-23, Luka 14:28-30, Romawa 14:13-21



Wata magana ta shigo tsakanin samarinmu, kuma ba za mu yi kamar ba mu ji ba. Wai laifin giya yana ga yawanta ne da kuma zaman mashaya. Wai idan mutum ya dafa 'yar kaɗan a gida, ya auna hatsi da sikeli, ya auna ruwa da lita, ya san abin da ya shiga tukunyarsa, to wannan ba shaye-shaye ba ne, ilimi ne da tsabta. Masu wannan magana ba jahilai ba ne. Da yawansu sun yi karatun kimiyya, waɗansu suna cikin ƙungiyar mawaƙa, waɗansu ma su ke koyar da yara ranar Lahadi. Haɗarin maganar ke nan, domin daga bakin da ake saurara take fitowa.

Ba da tsawa za mu amsa musu ba. Tun da lissafi suka kawo, da lissafi za mu zauna da su. A Luka 14 Ubangijinmu da kansa ya nuna wautar mutumin da ya haƙa tushen gini bai fara zama ya ƙididdige abin da aikin zai ci ba. Ƙararmu a kan 'yan'uwan nan ita ce sun tsaya a tsakiyar lissafi. Sun auna abin da zai shiga tukunya, amma ba su auna abin da zai fita daga rumbu da jiki da shaidarsu ta Kirista ba.

Inda lissafin ya fito

Ba a nan aka haifi wannan lissafi ba. A Ingila an daina neman lasisi daga mai dafa giyar gida a 1963, a Amurka kuma Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta ta a 1978. Daga nan abin ya zama sha'awa irin ta masu lokaci da abin hannu. Baturen da ke wannan sha'awa tsiron sha'ir yake saye a shago, hatsin da ba shi ne abincin darensa ba. Ya buɗe famfo ya tari ruwa, ya murɗa gas ya kunna wuta. Idan lissafinsa ya tsaya a bakin tukunya, ba wanda zai kwana da yunwa a gidansa. Mu kuwa ba mu da sha'ir a rumbu. Dawa gare mu, ita ce kuma tuwonmu da kununmu. Wanda ya ɗauko lissafin can ya dasa a nan, a kwanon tuwon gidansu zai dasa shi.

Ga ƙa'idar tasu a taƙaice. Don a samu lita 5 na giya mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, ana bukatar tsiro wajen kilo 1. Ana dama shi da ruwan zafi wajen lita 3 don sitacin da ke ciki ya juye ya zama sukari, sa'an nan a ɗauraye dusar da ƙarin ruwa. Dusar za ta riƙe wajen lita 1 ba za ta sake shi ba. Tafasa ta awa guda za ta kwashe lita 1 zuwa 2 ta mai da su tururi. Saboda haka mai son lita 5 a ƙarshe sai ya tanadi lita 7 ko 8 tun farko. Lissafin daidai ne, ba mu da ja a kansa. Sai dai a nan suke ajiye biro, mu kuwa a nan za mu ɗauka.

Abin da ya fita daga rumbu

Kilo 1 na tsiro ba daga kilo 1 na dawa yake fitowa ba. Idan an jiƙa dawa ta kwana, aka shimfiɗa ta kwana uku ko huɗu ta tsira, ƙwayar tana cin kanta ne don ta fitar da saiwa. Kafin a shanya a karkaɗe, kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na nauyinta ya tafi. Ke nan sai ka ɗebo dawa kilo 1 da giram 200 kafin ka samu tsiron da lissafin ke nema. Sa'an nan idan yisti ya kama aiki, kusan rabin sukarin ne kawai ke zama barasa, sauran rabin iska ce, ita ce kumfar da kake gani tana tashi a bakin randa. Gumin damina guda, rabinsa ya bi iska, rabin ya hau kai.

Hukumomin agaji kan ware wajen giram 400 na hatsi ga mutum ɗaya a rana a sansanin 'yan gudun hijira. Da wannan ma'auni, dawar lita 5 ɗin nan abincin mutum uku ne na yini guda. Jarka mai lita 25, wadda ita ce ainihin "'yar kaɗan" ɗin da ake nufi idan abokai za su taru, tana cin dawa kilo 6, wato mudu huɗu zuwa biyar gwargwadon mudun kasuwarku. Abincin mutum 15 ke nan. Wanda ke dafa lita 5 kowane mako, a shekara ya ƙona dawa kilo 62, fiye da rabin buhu, abincin mutum ɗaya na wata biyar. Mai jarka kuwa ya haura buhu uku.

A wane zamani muke wannan lissafi? A Yulin 2023 gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a kan abinci. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Najeriya ta wuce kashi 40 cikin ɗari. Akwai 'yan'uwanmu masu bi daga Mangu da Bokkos da kudancin Kaduna da kudancin Borno waɗanda aka kora daga gonakinsu, rumbunansu suka zama toka. Tun 1988, da aka hana shigo da tsiron sha'ir, manyan kamfanonin giya suka juyo kan dawarmu suna saye da motoci. Bai isa ba, sai mu ma 'ya'yan ikkilisiya mu bi sahu da namu mudun?

Wani zai ce, "Dawata ce, ni na noma, rara ce." Littafi Mai Tsarki ya riga ya faɗi mai rara. A Littafin Firistoci 19 Allah ya umarci manomi ya bar gefen gonarsa da kalar da ta zube domin matalauci da baƙo. Da wannan kala Rut ta ciyar da surukarta. A Farawa 41 Yusufu ya ajiye kashi ɗaya cikin biyar na amfanin shekarun ƙoshi, da shi kuma ƙasa ta tsira a shekarun yunwa. Rarar da ke rumbunka tana da masu ita, ko da ba ka san sunayensu ba.

Ruwan ma haka. Lita 8 ɗin da aka rubuta na cikin tukunya ne kawai. Ba a sa na jiƙo ba, ba a sa na wanke hatsi da randa da ƙwarya ba. A gidajenmu da yawa ba famfo ke kawo ruwa ba, kan ƙanwarka ne ke kawo shi daga rijiya ko burtsatse. Itacen da zai tafasa shi kuma wata ce ta ɗauko. Takardar lissafin ba ta da layin da aka rubuta wuyan yarinyar nan.

Abin da ya shiga jiki

Yanzu mu auna "'yar kaɗan" ɗin kanta. Babbar kwalbar giya da ake sayarwa a ƙasar nan santilita 60 ce. Lita 5 ke nan kwalba takwas ne da ɗoriya. Jarka kuwa kwalba 41. Mai dafa lita 5 kowane mako, a shekara ya samar da kwalba fiye da 430, kiret 36. Da a ce saurayi ya shigo gidansu da kiret 36 a bayan mota, unguwa duka za ta fito kallo. Amma da yake a randa take zuwa kaɗan-kaɗan, sai ya ce yana da kamewa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

A cikin lita 5 ɗin nan akwai tsantsar barasa wajen giram 200. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafta giram 60 a zama ɗaya a matsayin sha mai nauyi. Idan abokai uku suka raba randar a yammaci guda, kowannensu ya riga ya wuce wannan iyaka. Hanta kuma ba ta da sauri, wajen giram 10 ko ƙasa da haka take iya sarrafawa a awa guda. Wanda ya sha rabonsa da daren Asabar, idan gari ya waye ya hau babur zuwa sujada, mai yiwuwa jininsa bai gama wankewa ba.

Akwai kuma abin da masu lissafin ba sa faɗa. Giyar kwalba tana iya zama wata da watanni. Burkutu da ɗan'uwansa fito ba sa jira, cikin 'yan kwanaki sun yi tsami sun lalace. Ke nan ita kanta randar ce ke sa maka wa'adi: ka shanye ni kafin jibi, ko ka yi asarar dawarka. Wanda ya yi mako guda yana jiƙo da shanya da niƙa da tafasa ba zai zubar ba. Zai sha fiye da niyyarsa, ko ya kira waɗanda za su taya shi. Ƙarfinta ma ba tsayayye ba ne, domin tana ci gaba da aiki a cikin randa, ta yau ba ɗaya take da ta gobe ba. Ka auna ruwa, ka auna hatsi, amma wanda ke riƙe da ma'aunin shi ne farkon abin da barasa ke taɓawa. Ƙwarya ta farko ce ke yanke shawarar ta uku.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 barasa ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 2.6 a duniya, a farkon 2023 kuma ta bayyana cewa babu wani adadin sha da za a ce ba shi da illa ga lafiya. Mutanen Jos ba sa bukatar rahoto daga Janeba, sun ga abin da goskolo ya yi wa samari masu ƙarfi. Ba mu ce duk wanda ya ɗanɗani burkutu zai ƙare a can ba. Amma jiki yana sabawa, abin da ya isa bara ba ya isa bana. Sannu sannu ba ta hana zuwa.

"Ai Yesu ya mai da ruwa ruwan inabi"

Wannan ita ce ayar da kowa ya haddace, har wanda bai san inda Yohanna 2 take ba. Ba za mu ƙara wa Maganar Allah abin da ba ta faɗa ba. Gaskiya ne Ubangiji ya yi wannan al'ajibi a Kana. Gaskiya ne Bulus ya shawarci Timoti ya yi amfani da ɗan ruwan inabi saboda ciwon cikinsa. Abin da Littafi ya haramta ƙarara shi ne buguwa, kamar yadda yake a Afisawa 5:18 da Galatiyawa 5:21.

Amma a karanta labarin Kana har ƙarshe. Bikin aure ne a fili, a gaban uwarsa da almajiransa da uban biki. Ba a taɓa rumbun kowa ba. Yohanna ya kuma faɗi abin da ya biyo baya: ɗaukakar Yesu ta bayyana, almajiransa suka ba da gaskiya gare shi. To jarkar da ka ɓoye a bayan ɗaki, wadda ba ka so mahaifiyarka ko dattijon ikkilisiya ya gani, ɗaukakar wa take bayyanawa? Bangaskiyar wa ta ƙaru saboda ita?

Manzo Bulus bai tsaya a kan tambayar halal ko haram kaɗai ba. A 1 Korintiyawa 6 da 10 ya ƙara tambaya uku: yana da amfani? Yana gina wani? Zai mallake ni? A Romawa 14 kuma ya ce gara mai bi ya haƙura da nama ko ruwan inabi da ya zama sanadin faɗuwar ɗan'uwansa. A nan ne mai dafawa ya fi mai saye nauyi. Mai saye bakinsa ɗaya ya ɗauka ya kai mashaya. Mai dafawa kuwa mashayar ya kawo gida. Ba wanda ke dafa lita 5 don kansa kaɗai, dole a samu mai ɗanɗanawa ya yaba. A cikin waɗanda za ka miƙa wa ƙwarya akwai wanda mahaifinsa giya ta kashe, akwai wanda ya yi shekara biyu yana fama ya daina. Ba a rubuce yake a goshinsu ba. Annabi Habakuk a sura 2 ya yi kaito ga mai ɗura wa maƙwabcinsa abin sha har ya bugu.

Wa kuma zai juya tsiron a rana ya kore kaji? Wa za a aika ya kai shi inji? Ƙanenka ne ɗan shekara goma sha biyu, wanda yake ganin duk abin da yayansa ya yi daidai ne. Ka tuna abin da Ubangiji ya faɗa a Matiyu 18 a kan dutsen niƙa da wuyan mai sa yaro tuntuɓe.

Ishaya 5 kamar da mu yake. Annabin ya yi kaito ga waɗanda gwanintarsu da jaruntakarsu ta ƙare a wajen haɗa abin sha. A cikin surar nan kuma ya kawo nasa lissafin hatsi: za a shuka mudu goma a girbe mudu ɗaya. Al'ummar da masu basirarta suka ba da hankalinsu ga randa, gonarta ce ke fara ba da shaida.

"Al'adarmu ce, sana'a ce kuma"

Ba mu raina kakanninmu ba. Matan da ba su taɓa riƙe sikeli ba sun gane cewa sitacin dawa yana bukatar zafi mai yawa kafin ya narke, zafin da zai kashe ƙarfin tsiro. Shi ya sa suke tsame ruwan sama su ajiye, su dafa na ƙasa, in ya huce su mayar. Wannan kimiyya ce ta gaske. Amma a wurare da yawa giyarsu tana da lokaci da dalili, ta gayya ce ko ta biki, a gaban manya kuma ake sha. Mai cewa al'ada yake bi, alhali ya bar gayyar ya bar idon manyan ya ɗauki randar kaɗai, ba al'ada ya gada ba.

Muna da wani gādon kuma. Tun da bishara ta shigo ƙasarmu ta hannun SIM da SUM da waɗanda suka sauka Garkida a 1923, masu bi na fari da yawa sun bar giya, aka yi musu ba'a a wajen gayya, aka ware su a wajen biki. Su da suka san randa ciki da bai, su ne suka juya mata baya, domin sun ga abin da take yi wa rumbu da aure. Kuɗin da bai tafi mashaya ba shi ya kai iyayenmu makaranta. Ruwa ba ya tsami banza, tsayawar ikkilisiyoyinmu a kan wannan batu tana da tushe.

Game da iyayenmu mata, musamman gwauraye, waɗanda ke dafa burkutu don kuɗin makarantar 'ya'yansu, kada wani matashi ya ɗauki wannan rubutu ya je yana nuna su da yatsa. Wadda wahala ta tura bakin murhu daban take da saurayi mai digiri da ke yi don nishaɗi. Haƙƙinta a kanmu shi ne jari da ciniki, kamar yadda Yakubu 1:27 ya ɗora mana kula da marayu da gwauraye. Wanda ke son ta bar randa, ya fara tambayar kansa nawa zai sa a adashen da zai kafa mata wata sana'a.

Tsiro ɗaya, aiki biyu

Ilimin da kuka tara ba na zubarwa ba ne. Wanda ya san awon hatsi da ruwa, da yadda tsiro ke juya sitaci, da muhimmancin tsabtar mazubi, ya fi kowa dacewa ya yi kunun zaki mai kyau wanda ɗanɗanonsa ba ya canjawa daga yau zuwa gobe. Gero ko dawa, citta, kanumfari, dankali, ɗan tsiro don zaƙi. Ga zoɓo, ga kunun aya. Waɗannan kowa na saye, Kirista da Musulmi, yaro da babba, kuma kana iya kai su taron zumunta ka ajiye a kan tebur ba tare da ka waiwaya ba.

Akwai ma wanda ya fi wannan. Yaron da ya wuce wata shida aka fara ba shi koko, cikinsa ƙarami ne. In kokon ya yi kauri ba ya iya haɗiya, in an tsinka shi da ruwa kuma ya cika ciki da ruwa ba abinci. Ƙaramin cokali na garin tsiro, in an zuba a koko mai kauri da ɗuminsa, cikin 'yan mintoci zai sake shi ya yi ruwa-ruwa ba tare da an ƙara ruwa ba. Sai a sake tafasawa a ba yaro. A Tanzaniya ma'aikatan lafiya sun daɗe suna koya wa iyaye mata wannan dabara. Tsiron da zai kwantar da saurayi a kwata shi ne zai iya ta da yaron da tamowa ke nema. Hannun da ya riƙe shi ne ke zaɓa.

Abin da muke roƙo

In kana da tsiro a shanye yanzu, ka mai da shi kunu. In akwai randa tana aiki, ka zubar. Asarar mudu biyu ta fi sauƙi a kan abin da ke biye da ita. Kowane reshe na zumuntar matasa ya duba ko membobinsa za su iya kawo mudu ɗaya ɗaya a wata, a tara a hannun dattawa domin gwauraye da 'yan gudun hijira. Matasa talatin, mudu talatin. Ku da kuka iya lissafi, ku faɗa mana mutum nawa zai ci.

Kai kuma ɗan'uwa da abin ya riga ya kama, wanda ka sha alkawarta wa kanka cewa wannan ce ta ƙarshe, ƙofa a buɗe take. Ka sami fastonka ko wani dattijo da ka amince da shi. In ka kai matsayin da hannunka ke rawa da safe sai ka sha, kada ka yanke rana ɗaya kai kaɗai, ka haɗa da likita, domin yankewa farat ɗaya na iya kawo jijjiga mai haɗari. Sauranmu kuma Galatiyawa 6 ta umarce mu mu komo da irin wannan ɗan'uwa da tawali'u, kowa yana lura da kansa. Ba labarin da za a kai bakin kasuwa ba ne.

Addu'a: Ya Uba, kai ne mai ba da ruwan sama da iri da ƙarfin noma. Ka koya mana mu auna abin da ka sa a hannunmu da tsoronka. Ka kwance waɗanda sha ya ɗaure a cikinmu, ka buɗe wa gwaurayenmu hanyar abinci, ka tsare ƙannenmu kada su yi tuntuɓe a kanmu. Ka cika matasanmu da Ruhunka Mai Tsarki. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.